Wutar Da Ke Jikin Ɗan Adam: Yadda Maballi 10 Ke Buɗe Wa Likita Taga 12

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya babban asibiti, musamman mai fama da hawan jini ko ciwon ƙirji, da wuya a ce bai ga wannan abu ba. Za a shigar da mutum wani ɗan ɗaki, a ce ya tuɓe riga ya kwanta rigingine a kan gado, sa'an nan ma'aikaciyar jinya ta zo da wani tulin wayoyi, ta manna masa waɗansu 'yan maballai a ƙirji, ta maƙala waɗansu a wuyan hannu da idon sawu. Ta ce masa kada ya motsa, kada ya yi magana. Kafin ka ce kwabo, sai ga na'ura ta turo wata takarda mai ruwan hoda, cike da zane mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Wannan aiki shi ne likitoci ke kira ECG, watau awon wutar zuciya.

Mutane da yawa gabansu yakan faɗi in sun ga wayoyin nan, don suna zaton wuta za a jona musu. Alhali kuwa na'urar saurare ta zo yi. Wutar da ta ke nema tana nan a jikin mutum tun yana cikin mahaifiyarsa.

Amma ga wani abin lura. In mai karatu ya ƙirga maballan da aka manna, zai tarar 10 ne: 6 a ƙirji, 4 a hannuwa da ƙafafu. In ya juya ya ƙirga zanen da ke kan takarda kuwa, sai ya ga iri 12. To, ina sauran suka fito? Abin ma ya fi haka ɗaure kai, domin a cikin 12 ɗin nan, galibin na'urorin zamani 8 kaɗai su ke aunawa, sauran 4 lissafa su su ke yi. Sanin amsar wannan tambaya ya zama wajibi yanzu, tun da kasuwa ta cika da agogon hannu da 'yan na'urorin mannawa a ƙirji, kowanne ana cewa yana duba zuciya, kuma akwai masu dogara da su har su fasa zuwa asibiti.

Daga Ina Wutar Ta Fito?

Kowace ƙwayar tsokar zuciya tamkar ɗan mitsitsin batir ce. Tana tara wani gishiri mai suna fotasiyam a cikinta, tana tura wani mai suna sodiyam waje, har a sami bambancin ƙarfin wuta na wajen milibolt 90 tsakanin cikinta da bayanta. Milibolt ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na bolt. A can saman ɗakin zuciya na dama akwai wani ɗan curin ƙwayoyi wanda Turawa biyu, Arthur Keith da Martin Flack, suka gano a shekarar 1907. Shi ne mai kiɗa. Sau 60 zuwa 100 a kowane minti yakan saki wuta, ta bi ɗakunan sama biyu su matse, ta ɗan dakata a tsakiya, sa'an nan ta gangara manyan ɗakunan ƙasa su ma su matse su harba jini.

Da ya ke jikin mutum galibinsa ruwa ne mai gishiri, kuma ruwan gishiri yana ɗaukar wuta, sai burbushin wannan wuta ya yaɗu har ya kai fata. Amma kafin ya iso ya raunana ƙwarai, bai fi wajen milibolt ɗaya ba, watau kashi ɗaya cikin 1,500 na ƙarfin batirin tocila. Ɗan tudun farko da a ke gani a takarda, mai suna P, wutar ɗakunan sama ce. Dogon tsinin da ke biye, QRS, na ɗakunan ƙasa ne. Tudun ƙarshe, T, shi ne komawarsu cikin shiri. Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, ko tsokarta ta yi kauri saboda hawan jini, ko kiɗan ya rikice, sai siffar zanen ta sāke. Ruwa ba ya tsami banza.

Kare A Cikin Ruwan Gishiri

Labarin ya samo asali ne daga Italiya, inda Luigi Galvani na birnin Bolonya ya buga bincikensa a 1791, bayan ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in an taɓa jijiyarta da ƙarfe. Sai da aka shafe kusan shekara ɗari kafin Augustus Waller ya ɗauki zanen wutar zuciyar mutum na farko a asibitin St Mary's da ke Landan, a 1887. Waller yana da kare mai suna Jimmy, wanda yakan tsayar da ƙafafunsa cikin tasoshin ruwan gishiri yana nuna wa jama'a bugun zuciyarsa. A 1909 maganar karen nan har Majalisar Dokokin Ingila ta kai, inda wani wakili ya tambaya ko ba a keta dokar hana zaluntar dabbobi ba, aka ba shi amsa cewa abin da karen ke ji bai wuce abin da mai taka ruwan bakin teku ke ji ba.

Wanda ya mai da abin ya zama kayan aikin likita shi ne Willem Einthoven na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan. Tun daga 1901 ya ƙera wata na'ura mai wani zare da ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, an shafe shi da azurfa, an miƙe shi tsakanin manyan maganaɗisu. Wutar zuciya na bi ta cikin zaren sai ya girgiza, a ɗauki hoton inuwarsa. Nauyin na'urar ya kai wajen kilo 270, mutum 5 ke sarrafa ta, shi kuma mara lafiya ya zauna ya tsoma hannuwansa da ƙafar hagu cikin bokitan ruwan gishiri. Da ya ke ba ta ɗaukuwa, a 1905 sai aka ja waya daga asibiti zuwa ɗakin bincikensa, tafiyar wajen kilomita ɗaya da rabi, mara lafiya na can, zane na fitowa nan. An ba shi Lambar Nobel a 1924.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Me ya sa Einthoven bai wadatu da bokiti ɗaya ba? Nan ne tushen maganar ya ke. Ƙarfin wuta ba abu ba ne da a ke samu a wuri ɗaya kamar yadda a ke samun zafi a goshin mai zazzaɓi. A kullum bambanci ne tsakanin wurare biyu. Shi ya sa tsuntsu ke sauka kan wayar lantarki ya yi ta gyaran fiffike lafiya lau, domin waya ɗaya kaɗai ya taɓa. Ran da fiffikensa ya haɗa waya biyu, ran nan zai faɗo.

Masu haƙar rijiya sun san wannan tun kaka da kakanni. In an ce rijiya gaba 10 ce, ai daga bakinta aka auna. A ce ga rijiya biyu, ɗaya a kan tudu, ɗaya a kwari, ta tudu gaba 12, ta kwari gaba 8. Ba wanda zai ɗebe 8 daga 12 ya ce ruwan waccan ya fi na wannan nisa a ƙasa da gaba 4, domin bakinsu ba ɗaya ba ne. Amma da za a ja igiya miƙaƙƙiya daga wannan rijiya zuwa waccan, kowa ya auna daga igiyar, to, lissafin ya tsaya. Ko igiyar ta yi sama ko ta yi ƙasa ba kome, tun da in an ɗebe awon wannan daga na wancan, tsayin igiyar ya fita daga lissafi, sai bambancin ruwan biyu ya rage.

Wannan igiya ita ce masana ke kira tushen awo. Kowane maballi da aka manna a jiki bakin rijiya ne. In an auna dukkansu da tushe guda, aka mai da awon ya zama lambobi, to, kwamfuta na iya ɗebe kowanne daga kowanne yadda likita ya ga dama, ko da bayan mara lafiya ya koma gida. In kuwa tushen ya bambanta, lissafin ya zama tatsuniya.

Yadda 10 Ta Haifi 12

Einthoven ya yi amfani da wurare uku: hannun dama, hannun hagu da ƙafar hagu. Daga nan ya fitar da awo uku, waɗanda za mu kira tagogi, don kowanne leƙen zuciya ya ke daga wata kusurwa. Taga ta I ita ce bambanci tsakanin hannun hagu da na dama. Ta II tsakanin ƙafa da hannun dama. Ta III tsakanin ƙafa da hannun hagu. Shi da kansa ya nuna cewa in ka san biyu, ta ukun ba ta bukatar awo. Alal misali, in taga ta I ta nuna milibolt 0.4, ta II ta nuna 1.0, to, babu makawa ta III 0.6 ce.

A 1934 Frank Wilson na Jami'ar Michigan a Amurka ya haɗa wayoyin gaɓoɓin nan uku wuri guda ta hanyar waɗansu 'yan madatsan wuta masu ƙarfi daidai wa daida, ya sami matsakaicinsu, ya mai da shi tushe. Da wannan tushe a ke auna maballai 6 na ƙirji, waɗanda ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Ingila suka daidaita wuraren ɗora su a 1938. Su ne V1 zuwa V6. Sa'an nan a 1942 Emanuel Goldberger ya ƙaro tagogi uku, aVR da aVL da aVF, inda a ke gwada kowace gaɓa da matsakaicin sauran biyun. Uku da uku da shida, 12 ke nan.

A da can, duk wannan aiki na waya ne da makunni. Ma'aikaci ya murɗa makunni ya ɗauki taga ta I, ya sāke murɗawa ya ɗauki ta II, haka har 12, ɗaya bayan ɗaya, kowace da bugun zuciya dabam. Yau kuwa na'ura takan auna I da II da shidan ƙirji a lokaci guda. Ta III ta same ta da ɗebewa. Ta aVF kuma, sai ta ɗebe rabin I daga II, watau 0.8 a misalinmu na sama. Haka sauran biyun. Shi kuwa maballi na goma, na ƙafar dama, ba ya cikin kowace taga. Aikinsa dabam ne.

Hayaniyar Da Ke Danne Murya

Babbar abokiyar gabar wannan awo ita ce wutar bango. Wutar da ke gidajenmu a Nijeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Jikin mutum kuwa kamar eriya ya ke, yana kwasar gunjin wannan wuta daga wayoyin cikin bango da fanka da fitila ko da bai taɓa kome ba, kuma gunjin yakan ninka muryar zuciya sau ɗaruruwa. Abin da ya kawo sauƙi shi ne, gunjin kusan iri ɗaya ne a ko'ina a jiki. Mutum biyu da ke tsaye cikin kwalekwale ɗaya, duk yadda igiyar ruwa ta ɗaga su ta sauke, wanda ya fi tsawo da taƙi ɗaya yana nan da fifikonsa. Saboda haka in an ɗebe awon wani maballi daga na wani, gunjin ya tafi, muryar zuciya ta saura.

Aikin maballin ƙafar dama ke nan. Na'ura takan ji yawan gunjin da ke jiki, ta juya shi, ta mayar ta wannan ƙafa da wata 'yar wuta ƙanƙanuwa ainun wadda fata ba ta ji, don ta danne shi tun daga tushe, kuma ta ɗaure jiki da na'ura a kan igiya guda.

Abokiyar gaba ta biyu ita ce fata. Busasshen samanta yana tare wuta, shi ya sa a ke goge wurin, a sa maballi mai azurfa da wani jiƙaƙƙen mai mai gishiri, wanda shi ne jikan bokitin Einthoven. Bugu da ƙari, inda ƙarfe ya haɗu da wannan mai, wani ɗan batir yakan samu da kansa, har an wajabta wa masu ƙera na'urori su yi tanadin jure bambancin milibolt 300, watau ninki 300 na abin da a ke nema.

Wannan shi ya sa a da dole a yi ɗebewar da kayan lantarki kafin a mai da awo lambobi. Na'urar mai da wuta lambobi tamkar tsani ce mai matakai. Tsohuwa mai matakai 4,096, in an shimfiɗa ta a kan bolt 5, kowane mataki ya ɗara milibolt ɗaya, watau bugun zuciya ɗungurungum bai cika mataki guda ba. Ta zamani kuwa tana da matakai 16,777,216, kowanne bai kai kashi ɗaya cikin uku na maikirobolt ba, shi kuwa maikirobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Da irin wannan tsani ana iya ɗaukar kowane maballi da kansa, da gunjinsa da kome, a bar wa kwamfuta aikin tacewa. Kamfanin BioSemi na Amsterdam, wanda masu binciken ƙwaƙwalwa ke amfani da kayansa, a kan wannan tsari ya ke: a ɗauki kowane maballi bisa tushe guda, daga baya mai bincike ya zaɓi tushen da ya ke so da lissafi.

Sharuɗɗa Uku

To, tun da kwamfuta ta iya wannan lissafi, me zai hana a yar da wayoyin baki ɗaya, a manna wa kowace gaɓa ɗan akwatinta mai batirinsa da maballi guda, kowanne ya aiko da awonsa ta iska, kwamfuta ta ɗebe? Ɗaliban injiniya da yawa sun yi wannan tunani. Abin da ke tare hanya sharuɗɗa ne guda uku.

Na farko, tushe ɗaya. Akwati mai maballi guda tsuntsu ne a kan waya, ba shi da abin da zai gwada awonsa da shi. In ya ba da wata lamba, to, da cikinsa ya gwada, kuma cikin wannan akwati da na wancan bakin rijiya biyu ne, kowanne yana hawa yana sauka da motsin mutum da gugar tufafinsa. Saboda haka duk na'urar mannawa da ke aiki da gaske, in ka juya bayanta, za ka ga wuraren taɓa fata aƙalla biyu. Abin da ta ke aunawa shi ne bambancin da ke tsakanin wurare biyun nan na kusa da juna, wanda ba shi ne taga ta I ko ta II ba.

Na biyu, lokaci ɗaya. Na'urar asibiti takan ɗauki awo sau 500 ko fiye a daƙiƙa guda, kuma tsinin QRS duka bai fi wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. A ce agogon cikin akwati biyu sun saɓa da kashi 20 cikin miliyan, wanda ba a ɗauke shi wani babban aibu ba. Kafin minti biyu sun goce da awo guda cur, kafin kwana ɗaya kuwa sun goce da fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi, watau ana ɗebe wani bugu daga wani bugu dabam. Dole a riƙa daidaita agogon a kai a kai.

Na uku, mudu ɗaya. A ce mutum yana son sanin nauyin kaza, sai ya auna mota da kazar a ciki a wani sikeli, ya auna motar ba kaza a wani sikelin dabam, ya ɗebe. In sikelin biyu sun saɓa ko da kaɗan, kuskuren zai fi kazar nauyi. Haka nan in gunjin wutar bango ya kai bolt ɗaya, kuma hanyoyin awo biyu sun saɓa da kashi ɗaya cikin ɗari, abin da zai rage bayan ɗebewa milibolt 10 ne, ninki goma na muryar zuciya.

Akwai kuma dabarar rage yawan maballai a cike gurbi da lissafi. A 1988 Gordon Dower ya fito da wani tsari mai suna EASI, inda maballi 5 ke ba da tagogi 12. Yana da amfani wajen sa ido kan mara lafiya da ke kwance, amma a nan ƙiyasi ne aka gina bisa matsakaicin jikin mutane, ba kamar lissafin Einthoven ba wanda ba ya kuskure. Ƙirjin siriri da na mai ƙiba ba ɗaya ba ne.

Ƙwaƙwalwa Da Ɗan Tayi

Inda wannan lissafi ya fi nuna amfaninsa shi ne awon wutar ƙwaƙwalwa, watau EEG. Hans Berger na birnin Jena a Jamus ya fara ɗaukarsa a jikin mutum a 1924, ya buga sakamakonsa a 1929. Wutar ƙwaƙwalwa da ke isowa fatar kai ba ta wuce maikirobolt 10 zuwa 100 ba. Bisa tsarin da Herbert Jasper ya bayyana a 1958, maballi 21 a ke jerawa a kai da kunnuwa. A zamanin takarda da tawada, ma'aikaci shi ke zaɓen wane maballi za a gwada da wane kafin alƙalami ya fara zane, kuma in alamar ciwo ta gifta a lokacin da haɗin bai dace ba, ta tafi ke nan. Tun da na'urorin lambobi suka yaɗu a shekarun 1990, likita na iya duba daƙiƙa goman nan guda ta fuskoki da dama har ya gano inda tartsatsin ya tashi.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga masu farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan 50 ke da wannan ciwo, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya daina faɗuwa in an gano ciwon daidai an ba su magani. Awon ƙwaƙwalwa na taimaka wa likita ya san irin farfaɗiyar, domin maganin wata yana iya tsananta wata.

Haka kuma zuciyar ɗan tayi. In an manna maballai a cikin mai juna biyu, muryar zuciyar uwa takan danne ta ɗan. A 1975 Bernard Widrow da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka nuna cewa in an ɗauki ta uwa daga ƙirjinta, lissafi na iya ɗebe ta daga awon cikin, sai ga ta ɗan ta bayyana tana sauri, sau 110 zuwa 160 a minti.

Daga Bokiti Zuwa Agogo

A 1947 Norman Holter na jihar Montana ya goya wa kansa wata na'ura mai nauyin wajen kilo 38 don ya ɗauki wutar zuciya yana tafe. Jikokinta yau ba su fi akwatin ashana ba. A 2018 kamfanin Apple ya sa wannan awo cikin agogonsa, kuma mai karatu zai lura cewa sharaɗin farko yana nan daram: bayan agogon yana taɓa wuyan hannu, sa'an nan sai mutum ya ɗora yatsan ɗaya hannun a kan maɓallin gefe na daƙiƙa 30. Wurare biyu ke nan, kwatankwacin taga ta I. A 2019 kamfanin AliveCor ya fito da wata 'yar na'ura mai wuraren taɓawa uku, manyan yatsu biyu da gwiwar hagu, tana ba da tagogi 6 da lissafin Einthoven da Goldberger.

A maƙwabciyarmu Kamaru, wani matashin injiniya, Arthur Zang, ya ƙera Cardiopad, wadda ma'aikacin jinya a karkara zai ɗauki awon zuciya da ita, ya aika wa likitan zuciya a birni ta hanyar sadarwar wayar hannu. Ya ci kyautar Rolex a 2014. Abin da Einthoven ya yi da waya mai tsawon kilomita ɗaya da rabi ne, aka miƙe shi ya ratsa ƙasa guda. Bukatar kuwa ba a ɓoye ta ke ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe wajen mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe irin namu.

Inda Na'ura Ba Ta Da Wayo

Taga ɗaya tana iya nuna rikicewar kiɗan ɗakunan sama, ciwon da ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki wajen sau 5, kuma wannan amfani ne babba. Amma wanda ya leƙa ɗaki ta taga ɗaya bai ga kowane lungu ba. Masu agogon da kansu sun rubuta cewa ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. Saboda haka duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure kamar an aza masa dutse, ko zafin na gangarawa hannu ko muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, to, ya nufi asibiti ko da agogo ya ce lafiya lau. Ƙa'idar likitocin zuciya ita ce a yi wa irin wannan mutum awo mai taga 12 cikin minti 10 da isowarsa.

Ita ma babbar na'urar asibiti ba ta san inda aka manna maballi ba. In an sa na hannun dama a hagu, na hagu a dama, taga ta I za ta fito a kife, ta II da ta III su yi musayar wuri, kuma na'ura za ta lissafa kuskuren nan da gaskiyarta har ƙarshe. In an ɗora V1 da V2 sama da gurbinsu, wanda ya ke tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar a gefen ƙashin ƙirji, zane na iya kama da na mai ciwo alhali mutum lafiyarsa ƙalau. Don haka hukuncin da na'ura ke bugawa a saman takarda shawara ce kawai, sai likita ya duba ya sa hannu.

Mara lafiya ma yana da nasa rabon aikin. Kada ya shafa mai ko basilin a ƙirji ran da za a yi awon, ko da hunturu ya busar da fata, domin mai yana hana maballi kamawa. Ya kwanta ya saki jiki, in yana jin sanyi ya faɗa a rufe shi, tun da rawar ɗari ma wutar tsoka ce da ke ɓata zane. Ya kuma adana takardarsa, domin gwada ta bara da ta bana yakan gaya wa likita abin da ɗaya kaɗai ba za ta faɗa ba. Ɗalibai masu sha'awar haɗa irin wannan na'ura da hannunsu kuwa, lalle su yi aiki da batir kaɗai, kada su kuskura su manna wa mutum wayar da ke da wata hanya zuwa wutar bango ko janareta, domin jiƙaƙƙen maballi ƙofa ce da aka buɗe wa wuta zuwa zuciya.

Hukumomin asibitocinmu sukan yi alfahari in sun sayo sabuwar na'ura, kuma sun cancanci yabo. Amma a haɗa da horar da wanda zai ƙirga haƙarƙari ya manna maballin a gurbinsa, a kuma tanadi maballan da mansu bai bushe ba. Na'ura ta ɗauke wa likita wahalar lissafi, amma lambobin da ta ke lissafawa daga hannun ma'aikaciyar nan ta ƙaramin ɗaki su ke fitowa.